Yadda Ake Gwada Ko Kwabo, Dayis Ko Jakar Ƙuri'a Sun Karkata

A watan Janairun 2002, kwanaki kaɗan da fara kashe kuɗin yuro a Turai, labari ya bazu cewa kwabon yuro ɗaya na ƙasar Beljiyam yana da karkata. Wasu masana lissafi a Poland sun murza shi a kan tebur har sau 250. Gefen da ke ɗauke da hoton Sarki Albert na Biyu ya fito sau 140, ɗayan kuma sau 110. Wani malamin ƙididdiga a Landan ya shaida wa jaridar Guardian cewa shi dai bai yarda da kwabon ba, domin in da lafiyarsa ƙalau, samun tazara irin wannan bai kai kashi 7 cikin 100 ba.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa ma'anar maganar ita ce kashi 93 cikin 100 kwabon karkatacce ne. Ba haka ba ne. Tambayoyi biyu ne a nan masu kama da juna. Ta farko: in kwabon daidai yake, sau nawa za a ga irin wannan sakamako? Ta biyu: tunda ga sakamakon a gabanmu, me ya kamata mu ɗauka game da kwabon? Malamin ya amsa ta farko ne, alhali ta biyu ce ke damun duk wanda ke tsaye yana jiran a jefa masa ƙuri'a. Hanyar amsa ta biyun ce zan bi da kai a nan.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Da kwabo alƙalin wasa ke raba gardama kafin a take ƙwallo. Da 'yan takardu a cikin jaka ko hula masu adashi da yawa ke fitar da wanda zai fara kwasa. Malaman fiƙihu da dama sun yarda da ƙuri'a a inda haƙƙin mutane ya zo daidai, babu mai fifiko, kuma wannan daban yake da caca. Amma darajar ƙuri'a gaba ɗaya tana kan abu guda, wato abin da aka jefa ba ya son kowa. In ya karkata, an zalunci wani ke nan ba tare da ya sani ba, kuma an ba shi haƙuri da sunan sa'a.

Abin da gwaji zai iya ba ka

Babu adadin jifan da zai tabbatar maka da yaƙini cewa kwabo daidai yake. Kwabo lafiyayye yana iya ba da kai, wato gefen da ke ɗauke da hoto, sau goma a jere, karkatacce kuma yana iya ba da biyar da biyar. Kana ɗaukar abin da ka gani a wasu jifa ne kana hukunta dukkan jifan da ba a yi ba tukuna. Wannan shi ne abin da malaman mantiƙi ke kira istiƙira'i, kuma tun da can sun faɗa cewa wanda bai game komai ba, zato mai rinjaye yake bayarwa, ba yaƙini ba. David Hume na ƙasar Sikotlan ya tsananta wannan magana a ƙarni na 18, inda ya nuna cewa babu hujjar hankali tsantsa da ke tilasta gobe ta yi kama da jiya.

Abin da ya rage shi ne a san nauyin zaton. Thomas Bayes, wani limamin coci a garin Tunbridge Wells na Ingila, shi ya fara nuna yadda za a auna shi. Ya rasu a 1761 bai wallafa aikin ba, sai abokinsa Richard Price ya fitar da shi a 1763. Pierre-Simon Laplace na Faransa ya iso ga wannan hanya da kansa a 1774, ya kuma faɗaɗa ta ƙwarai.

Ka ɗauki sikeli mai faranti biyu. A ɗaya ka ɗora hasashen cewa kwabon daidai yake, a ɗayan ka ɗora hasashen cewa ya karkata. Tun kafin a jefa ko sau ɗaya, farantan ba a daidai suke ba, saboda akwai abin da ka riga ka sani. Kowane jifa kuma yana ƙara wa ɗayansu nauyi. Ƙa'idar ita ce: rinjayen farko, a ninka shi da ƙarfin shaida, shi ne sabon rinjaye. Ƙarfin shaida kuwa rabawa ce kawai: yiwuwar abin da ka gani in hasashen karkata gaskiya ne, a raba da yiwuwarsa in hasashen daidaito gaskiya ne.

Kafin ka jefa

Ɗauki takarda da biro. Rubuta hasashen da kake son gwadawa a fili, da lamba. "Kwabon nan ba shi da gaskiya" ba hasashe ba ne da za a iya auna shi. "Kai yana fitowa sau 60 cikin 100" shi ne hasashe. In dayis ne, ka faɗi fuskar da kake tuhuma: shida, alal misali, tana fitowa sau ɗaya cikin huɗu maimakon sau ɗaya cikin shida. Wannan rubutun kafin gwaji shi ne mafi muhimmanci a duk aikin, kuma za ka ga dalili a gaba.

Sai ka rubuta zatonka na farko. Nan ne masu sukar hanyar Bayes suka fi kai hari, suna cewa ra'ayin mutum ya shigo cikin lissafi. Ni a ganina wannan ƙarfinta ne. Kowa yana da zaton farko, ko ya faɗa ko ya ɓoye, kuma gara a ajiye shi a fili inda abokin gardama zai iya ƙalubalantarsa. Kuma ba daga iska ake cafko shi ba. Duba abin da idonka. Kwabon da ka karɓo canji a kanti daban yake da wanda baƙo ya zaro daga aljihunsa ya ƙi bari ka taɓa. Dayis mai kaifin kusurwa daban yake da wanda gefe guda ya side ko ya tsage. In ku biyu ne kuka saɓa, kowa ya rubuta nasa zaton, ku yi lissafin sau biyu. Idan jifan ya yi yawa, amsoshinku za su matso kusa da juna. Abu ɗaya ne ba a yarda da shi ba: kada wani ya ce yiwuwar hasashe sifili ce, domin sifili ko da me aka ninka shi sifili ne, kuma mai wannan matsayi babu shaidar da za ta motsa shi.

Daga nan ku tsayar da yadda za a yi jifan: wa zai jefa, a cafe a hannu ne ko a bari ya faɗi ƙasa, a kan wane irin daɓe, kuma sau nawa. Ku yanke tun farko me za a yi da dayis ɗin da ya faɗo daga tebur ko ya jingina da wani abu. Sannan a rubuta kowane jifa, ɗaya bayan ɗaya. Kada a dogara da tunawa. Mai wasan lido yana tuna shidan abokin hamayyarsa sau uku a jere, ya manta da sau ashirin ɗin da bai samu ba.

Lissafin

Mu fara da mafi sauƙi. A ce kana zargin kwabo mai kai biyu ne, kuma ba a ba ka damar juya shi ka duba ba. Irin wannan kwabo ba kasafai ake samunsa ba, don haka ka ce rinjayen farko 1 ne a kan 999. Mai kai biyu kullum kai zai bayar, lafiyayye kuwa rabi da rabi, saboda haka duk fitowar kai tana ninka zargin sau 2. Bayan kai goma a jere, an ninka shi sau 1,024. Rinjayen ya koma 1,024 a kan 999, wato kusan kunnen doki. Kai goma a jere, amma har yanzu ba ka da hurumin kiran mutum maguɗi! Bayan kai ashirin kuwa, rinjayen ya haura 1,000 a kan 1, magana ta ƙare. In kuma baya, wato ɗayan gefen, ya fito ko sau ɗaya ne, hasashen kai biyu ya mutu nan take.

Karkatar da aka fi haɗuwa da ita ba ta kai haka tsanani ba. Koma ga hasashen kai 60 cikin 100. Duk lokacin da kai ya fito, ka ninka da 0.6 a raba da 0.5, wato 1.2. Duk lokacin da baya ya fito, ka ninka da 0.4 a raba da 0.5, wato 0.8. Kalkuletar waya mai maɓallin ninka lamba da kanta ta isa wannan aiki. A ce ka jefa sau 100, kai ya fito 60, baya 40. Ninka 1.2 da kanta sau 60, ninka 0.8 da kanta sau 40, ka ninka amsoshin biyu: za ka sami kusan 7.5. Wannan shi ne ƙarfin shaidarka. In zatonka na farko 1 ne a kan 20, yanzu ya zama 7.5 a kan 20, wato yiwuwar karkata ta tashi daga ƙasa da kashi 5 zuwa kusan kashi 27 cikin 100. Zargi ya ƙaru sosai, amma har yanzu daidaito ne ke da rinjaye.

Ka lura da wasu sakamako biyu. In kai ya fito 55, baya 45, ƙarfin shaidar kusan 1 ne, ma'ana jifa ɗari ɗin nan bai raba gardama tsakanin hasashen biyu ba ko kaɗan. In kuma 50 da 50 aka samu, ƙarfin shaidar 0.13 ne, wato kusan 8 a kan 1 a wajen daidaito. Wannan wani alheri ne na hanyar: tana iya wanke wanda ake zargi, ba kama mai laifi kaɗai ta iya ba.

Dayis ma haka ne. In hasashen shi ne shida na fitowa sau ɗaya cikin huɗu, duk shida ka ninka da 1.5, duk abin da ba shida ba ka ninka da 0.9. Jifa 60 da shida 15 yana ba da ƙarfin shaida kusan 3.8, wanda bai taka kara ya karya ba. Jifa 300 da shida 75, wato kaso iri ɗaya, yana ba da sama da 800. Kason bai canza ba, yawan jifan ne ya yi magana.

In ba ka san girman karkatar ba

Sau da yawa mutum yana zargin karkata ne kawai, bai san ko 60 ce ko 80, ko ma ta wane gefe ba. Hanyar da Bayes da Laplace suka bi ita ce a raba zaton daidai wa daida a kan kowace irin karkata, daga wadda kai ba ya fitowa sam zuwa wadda kullum kai ne. Sakamakon lissafin yana da daɗin aiki: a ƙarƙashin wannan hasashe, kowane adadin kai yana da yiwuwa iri ɗaya, wato 1 a raba da yawan jifa da ƙarin ɗaya. A jifa 10, kowane adadi daga 0 zuwa 10 yana da 1 cikin 11, kusan 0.091. Kwabo lafiyayye kuwa yana ba da kai 8 cikin 10 da yiwuwar 45 cikin 1,024, kusan 0.044. Raba na farko da na biyu, ka sami 2 da 'yan kai. Kai 8 cikin 10 ke nan, amma shaidar ba ta wuce ninki biyu ba. In jifan ya yi yawa, manhajar Excel tana fitar da yiwuwar kwabo lafiyayye da umarnin BINOM.DIST.

Da wannan hanya David MacKay na Jami'ar Cambridge ya sake duba zancen yuron Beljiyam a littafinsa na 2003. Kwabo lafiyayye yana ba da kai 140 cif cikin 250 da yiwuwar kusan 0.0083. Hasashen karkata yana ba da 1 cikin 251, kusan 0.0040. Ƙarfin shaidar 0.48 ne. Wato alƙaluman da aka yi ta yayatawa a matsayin shaidar karkata, da wannan awon ma sun ɗan fi goyon bayan daidaito, kusan 2 a kan 1. Dalilin shi ne hasashen "ya karkata ko ta yaya" ya warwatsa ƙarfinsa a kan sakamako masu yawa da ba su faru ba, don haka dole ya biya kuɗin wannan faɗin bakin.

Ga kuma dalilin rubuta hasashe tun kafin gwaji. Da wani zai jira ya ga 140 cikin 250, sannan ya ce ai dama hasashensa kashi 56 ne, ya ɗinka rigar ne bayan ya auna sakamakon. Ko da an bar shi da wannan wayon, ƙarfin shaidarsa kusan 6 ne kawai. Haka wanda ya jefa dayis sau sittin, ya duba fuskar da ta fi fitowa, sannan ya ce ita yake zargi. Cikin fuskoki shida dole wata ta fi sauran. In sakamako ya nuna maka wani sabon zargi, rubuta shi, ka sake sabon gwaji daga farko.

Bayan tambayar ko ya karkata, akwai tambayar nawa ne karkatar. Ƙa'idar Laplace ita ce a ƙara ɗaya a kan adadin kai, a ƙara biyu a kan yawan jifa, a raba. Kai 8 cikin 10 ya zama 9 cikin 12, wato kashi 75, ba 80 ba. Tana jan ƙiyasin zuwa tsakiya lokacin da jifan bai yi yawa ba.

Jifa nawa ya isa?

Ga ma'auni na kusa-kusa ga kwabo lafiyayye: a mafi yawan gwaje-gwaje, wajen 95 cikin 100, kason kai ba ya nisa da rabi fiye da 1 a raba da tushen murabba'in yawan jifan. A jifa 100, tsakanin kashi 40 da 60. A jifa 400, tsakanin 45 da 55. A jifa 10,000, tsakanin 49 da 51. Kafin ka rage kuskure da rabi, sai ka ninka aikin sau huɗu. John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu da aka tsare a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwabo sau 10,000 a tsare, kai ya fito sau 5,067. Rarar 67 tana cikin abin da ake tsammani.

Ƙaramar karkata kuwa tana buƙatar haƙuri mai yawa. A 1894, masanin halittu W. F. R. Weldon na Ingila ya jefa dayis 12 tare har sau 26,306, jimillar 315,672 ke nan. Biyar ko shida sun fito sau 106,602, alhali in dayis ɗin daidai suke ana sa ran wajen 105,224. Kason 0.3377 ne maimakon 0.3333. A ido ba komai ba ne, amma a irin wannan yawan jifa, rarar 1,378 ta fi ƙarfin a ce sa'a ce, kamar yadda Karl Pearson ya nuna da alƙaluman a 1900. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ɗige-ɗigen da ake ƙwaƙulewa a jikin dayis suna rage wa fuskar biyar da shida nauyi, sai su ɗan fi zama a sama. Saboda haka kafin ka fara, tambayi kanka wace irin karkata ce za ta dame ka. Ta Weldon ba za ta ɓata wasan lido a tsakar gida ba, kuma babu dalilin ɓata mako guda wajen nemanta.

Hannu ma yana cikin gwajin

Ba ƙarfen kaɗai ake gwadawa ba, har da yadda ake jefa shi. Kwabon da aka cilla sama yana juyi aka cafe shi a hannu, da wuya rashin daidaiton nauyi ya karkatar da shi. Wanda aka murza a kan tebur kuwa, siffar bakinsa da nauyin gefe guda suna iya karkatar da shi sosai. Don haka zaton farko na murzawa daban, na cillawa daban, kuma sakamakon ɗaya ba ya zama hujja a kan ɗayan.

A 2007, Persi Diaconis da Susan Holmes da Richard Montgomery a Amurka sun yi hasashen cewa kwabon da mutum ya cilla yana ɗan fi komawa kan gefen da ya fara da shi a sama, wajen kashi 51 cikin 100, saboda layin da yake yi a iska. A 2023, wata tawaga ƙarƙashin František Bartoš na Jami'ar Amsterdam ta gwada da mutum 48 da jifa 350,757, ta kuma auna sakamakon da hanyar Bayes. An sami kashi 50.8 na komawa gefen farko, ba tare da wata alamar fifiko tsakanin kai da baya ba, kuma wasu masu jifan sun fi wasu nuna wannan hali. Maganinsa a aikace shi ne a rufe kwabon kafin a cilla, kada mai zaɓen gefe ya ga wanda ke sama. A wajen gwaji kuma, ka riƙa sauya gefen farawa, kana rubuta shi.

Jakar ƙuri'a ta fi duka saurin lalacewa, kuma yawanci ba da mugun nufi ba. A ranar 1 ga Disamba 1969, gwamnatin Amurka ta yi ƙuri'ar tsara waɗanda za a fara kira aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam. An sa ranaku 366 na shekara a cikin 'yan ƙwanso, an zuba su wata bayan wata, na Janairu da farko, na Disamba a ƙarshe, kuma ba a cakuɗa su sosai ba. Kowace ranar haihuwa tana samun lamba bisa jerin da aka zaro ta, kuma ƙaramar lamba na nufin kira da wuri. Matsakaicin lambar da ake sa ran kowane wata ya samu wajen 183 ne, amma na Disamba ya tsaya a kusan 122, na Janairu kuwa ya haura 200. Samarin da aka haifa a ƙarshen shekara suka ɗauki kaso mafi nauyi, saboda kawai ƙwansonsu ne a sama. A ƙuri'ar da ta biyo baya sai da aka sauya tsarin, aka yi amfani da ganguna biyu masu juyawa.

Masu adashi ko masu rabon rumfunan kasuwa za su iya gwada tasu jakar da yamma guda. A ce mutum 12 ne. A yanka takardu girma ɗaya, a naɗe su iri ɗaya, a yi wa huɗun da za a zuba a ƙarshe alama ta ciki. In cakuɗawar ta yi, ɗaya daga cikin huɗun zai fito sau ɗaya cikin uku. Hasashen karkata, a ce, sau ɗaya cikin biyu. A zuba, a girgiza daidai yadda aka saba yi ranar ƙuri'a, a zaro ɗaya, a rubuta, a zazzage duka a sake zubawa da tsarin farko. Duk fitowar mai alama a ninka da 1.5, duk fitowar marar alama a ninka da 0.75. A zagaye 60, in mai alama ya fito sau 20, shaidar tana wajen 30 a kan 1 cewa jakar lafiya take. In ya fito sau 30, shaidar ta kai wajen 34 a kan 1 cewa na ƙarshen zubawa suna cin moriya. In haka ta faru, a nemi jaka mafi girma da takardun za su sami wurin juyawa, a ƙara yawan girgizawa, a sa kowace takarda a cikin abu mai tauri iri ɗaya kamar kwalin ashana, sannan a maimaita zagaye 60 ɗin kafin ranar ƙuri'a.